Ranar da Na Wasa Takalman Marsel

Ni Jaɓɓi, ɗan Fulanin Araba, na yi shekara shida ina buɗe bakin shanu ina duba haƙora a kara, kasuwar shanun Illela, kafin gwamnatin jiha ta tura ni Kanada koyon kiwon shanun madara. A tsakiyar shekarun tamanin ke nan. Har lokacin, ƙanƙarar da na sani ita ce ta masu lemo a tashar Kwanni, wadda ake naɗewa cikin buhu ana lallaɓawa don kada rana ta gan ta. Ban san akwai ƙasar da ƙanƙara ce mai gari, mutane ne baƙi ba.

Tun a filin jirgi aka yi mini maraba. Wani Bature mai fara'a ya karɓi akwatina, ya ce motarsa tasi ce, zai kai ni tashar bas. Muka yi tafiya, ya tsaya gaban wani kanti ya ce in shiga in yanki tikiti, yana jira. Na shiga na tarar ana sayar da taba da jaridu. Kafin in fito, babu mota babu alamarta. A cikin akwatin nan akwai bargon da Innata ta ba ni, da kilishin da zai kai ni wata uku, da duk tufafina. Na tsaya a bakin titi riƙe da 'yar jakar takarduna, ba ma asarar ce ta fi kiɗima ni ba. Turawan da na sani a gida likitoci ne da masu aikin hanya. Wallahi ban taɓa kawowa a raina cewa Bature ma yana sata ba.

Da taimakon wani ɗan sanda na kai garin da makarantar take, ɗan ƙaramin gari a yankin masu jin Faransanci. Can ma aka ce na makara da makonni, ɗakunan kwana sun cika. Wata mata ta miƙo mini takarda mai sunayen gidajen haya, ta yi murmushi, ta rufe taga. Na fita cikin dusar ƙanƙara da takalmin fata na zuwa ofis da 'yar kwat ɗin da tela ya ɗinka mini a Sakkwato. Gida uku na buga, ba a buɗe ba. A na huɗu, yatsuna sun daina jin ƙofar da suke bugawa.

Sai na hango wani babban gini mutane na shiga. Na ce a raina ko mene ne wannan, akwai ɗumi a ciki. Na kutsa kai, na tsaya baki buɗe. Filin ƙanƙara ne, shimfiɗe kamar faranti, an yi masa rufi da fitilu. Mutanen da ƙanƙara ta hana sakat a waje, su ne suka gina mata ɗaki!

A kan filin, maza shida ne sanye da hulunan kwano, a sunkuye, hannuwa a baya kamar dattawa masu zagaya gona, sai dai gudun da suke yi ko babur albarka. Ƙarƙashin kowane takalmi akwai dogon ƙarfe siriri, a kansa suke sulalawa. Filin ba shi da girma, don haka kusan duk tseren kwana ce. In sun zo kwanar sai su kwanta gefen hagu har yatsunsu na shafar ƙanƙara, kafaɗa na gogar kafaɗa, ƙarafan nan na walƙiya kusa da fuskokin juna. Ɗaya ya zame, ya tafi da baya ya daki katifun da aka jingina a bango da ƙarar da ta sa na yi salati. Ya miƙe yana dariya.

Wanda ya faɗin ne ya gan ni. Gajere ne, cinyoyinsa kamar turmi, da tabo a haɓa. Ya zo bakin shinge ya yi mini magana da Faransanci. Na tattaro ɗan Faransancin cinikin shanu da na tsinta a Kwanni, tsallaken iyakarmu, na amsa. Ya fashe da dariya, ya ce bai taɓa jin irin wannan ba. Sannan ya dubi kunnuwana da yatsuna, dariyar ta ɗauke.

"Ina kake kwana?"

Na nuna masa takardar gidajen haya. Ya karanta, ya ninke ta ya sa a aljihunsa.

"Sunana Marsel. Jira ni in cire takalmi."

Haka na shiga gidan Madam Luwiz, mahaifiyarsa, wadda mijinta ya rasu shekara biyu kafin zuwana. Ta zaunar da ni kusa da murhu, ta sa ƙafafuna a ruwa mai ɗumi, ina kuka kamar yaro saboda zafin da jini ke yi yana dawowa. Da ta zubo miya na ga nama, na tambaya, ta ce na alade ne. Na sunkuyar da kai. Ta ɗauke kwanon ta soya mini ƙwai. Washegari ta dawo daga kasuwa da sabuwar tukunya, ta ɗaura mata jan zare a hannu, ta ce wannan tawa ce, alade ba zai taɓa shiga cikinta ba. Ta kuma buɗe kabad ta ɗauko babbar rigar sanyin mijinta ta sa mini da hannunta.

Na fara karatu, kowace rana da abin da zai ɗaure mini kai. Shanunsu a ɗaki suke kwana a ɗaki suke wuni, ba su da suna sai lamba a kunne. Rana tana faɗuwa tun kafin in idar da la'asar. Na yi kewar fura har na riƙa dama garin hatsin jarirai da madara ina rufe ido ina sha. Wasiƙar farko da Baffa, mahaifina, ya sa aka rubuto mini daga Illela, bayan gaisuwa da labarin saniyar da ta haihu, magana ɗaya ce a cikinta: kada in zama baƙon da ake ƙosawa da shi.

A hankali na san rayuwar Marsel. Da rana yana tuƙa motar raba madara. Kafin aikin da bayansa yana kan ƙanƙara. Shekararsa ashirin da tara, goma sha biyar daga ciki a wannan tsere ya ƙarar da su. Ya taɓa nuna mini cinyarsa, inda ƙarfen wani ya tsarge shi, ɗinkin kamar na ƙwaryar da ta fashe. Na ce, "To a kan me? Ana ba ku shanu ne?" Ya yi dariya ya ce kwabo ba a ba su.

Madam Luwiz ce ta gaya mini sauran muna wanke kwanoni. Za a yi babbar gasa ta ƙasashen duniya, kuma a ƙarshen sanyin nan za a zaɓi waɗanda za su wakilci ƙasarsu. Sau biyu Marsel yana kaiwa bakin ƙofa: sau ɗaya ya karye a idon sawu, sau ɗaya mahaifinsa yana gadon asibiti. "Wannan ce ta ƙarshe, Jabi," in ji ta, da yake haka suke kiran sunana. "Gwiwoyinsa ba za su ƙara jiran wasu shekaru ba. Shi ma ya sani."

Ni kuwa alherinsu ya yi mini nauyi. A wurinmu baƙon da ya wuce kwana uku shi ke fara ɗaukar igiya ya nufi rijiya. Na ce zan riƙa kwashe dusar ƙanƙarar ƙofar gida, kullum sai in tarar Marsel ya riga ni. Na ce zan yi shara, Madam ta ƙwace tsintsiya ta ce in je in yi karatu. Wata uku ina ci ina sha ina sanye da rigar mamaci, ban tsinana musu kome ba. Ga shi an raine mu a kan abu biyu: in za ka yi alheri, ka yi shi shiru, kada ka sanar, kuma namiji ba ya yawan tambaya, ido yake sawa ya gane. Akwai wani ɗaki a ƙarƙashin gidan da nakan ji ƙarar gogar ƙarfe na fitowa daga ciki. Ba a gayyace ni ba, ban leƙa ba, ban kuma tambaya ba.

Ranar Juma'a, ana gobe gasar zaɓe, Marsel ya fita rabon madara. Madam za ta tafi gyaran gashi, ta ce in sauka ɗakin ƙasa in ɗebo mata dankali in ajiye kafin ta dawo. Na sauka. A kan wani tebur na aiki, ga takalman Marsel a jere, an rufe ƙarafan da kube na roba. Ban taɓa ganinsu kusa ba. Na zare kuben ɗaya, na ɗora babban yatsa a bakin ƙarfen kamar yadda duk ɗan makiyayi zai yi.

Babu kaifi ko kaɗan! Bakin a shafe yake, shimfiɗaɗɗe kamar gefen rula. Na ɗaga shi saitin taga, sai na ga ƙarfen ma a karkace yake, ya yi ɗan baka. Na duba ɗayan, shi ma haka. Dukansu biyu sun karkata gefe ɗaya, daidai wa daida. Mai hankali da a nan ya tsaya ya yi tunani. Ni kuwa tausayi ne ya rufe ni. Na tuna faɗuwar da na gani ran farko. Na ce Allah sarki, bawan Allah, yawan dukan bango ya lanƙwasa masa ƙarafa, duk gogar da yake yi bai iya washi ba, ga shi gobe zai shiga tseren rayuwarsa da dakusassun wuƙaƙe.

In akwai abu ɗaya da na iya a duniya, washi ne. Baffa ba ya barin wuƙa ta kwana a dakushe a rugarsa, kuma addarsa tana aske gashin hannu. Shi ya koya mini, da ranƙwashi. Na ji daɗi ya kama ni har cikin ƙashi. Yau dai baƙo zai yi rana.

A jikin bango akwai wata 'yar guduma mai ƙotar itace da hannu ya cinye har ta yi santsi. Na ɗauko ta. Na kwantar da ƙarfen a kan wani faifan ƙarfe, na bi shi a hankali, ƙwas, ƙwas, ina ɗagawa ina dubawa, har ya miƙe sambal. Na yi wa ɗayan haka. Sannan na sa magagari na zabge gefe da gefe, na bi da dutsen washi da ɗan mai, har bakin ya fito siriri. Na fi awa biyu ina zufa a ƙasar da ban taɓa zufa ba. Na gwada a hannuna na hagu, gashi ya zube. Na mayar da kube, na share tebur, na yi masa addu'ar nasara, na ɗebi dankalina na hau. A wurin cin abincin yamma sai murmushi nake ta yi, har Madam ta tambaya ko wasiƙa ta zo daga gida.

Da safe muka tafi babban birni, ni ke riƙe da jakarsa. Madam ta wuce wurin 'yan kallo, ni na bi shi ɗakin shiri, na raɓe a gefe ina jiran in ga fuskarsa. Ya zauna a benci, ya zare kuben.

Na ga fuskarsa kuwa. Jini ya bar ta gaba ɗaya. Ya ɗaga takalmin saitin fitila ya bi tsawon ƙarfen da ido ɗaya. Ya zare na biyu.

"Wa ya taɓa waɗannan?"

Har lokacin da sauran murmushi a bakina. "Ni ne," na ce. "Na ga sun karkace, sun dakushe."

Marsel bai yi ihu ba. Ya zame daga kan bencin ya zauna a ƙasa, takalmin a ƙirjinsa. Mai horar da su, wani tsoho mai jar fuska, shi ya yi ihun. Ya fizgi ɗayan takalmin ya kawo shi dab da hancina.

"Ka san abin da ka yi? A shafe ake son bakin! Gefe biyu ne ke cizon ƙanƙara, ba tsini ɗaya ba. Wannan nutsewa zai yi kamar wuƙa a cikin man shanu. Lanƙwasar kuma da gangan aka yi ta, ita ke ɗaukarsa a kwana!" Ya tsaya yana haki. Muryarsa ta sauka. "Ubansa ne ya lanƙwasa su. Shekaru yana bugawa kaɗan kaɗan da 'yar gudumarsa, yaron na gwadawa, har suka dace da ƙafarsa. Shi ne aikin ƙarshe da ya yi kafin a kai shi asibiti. Babu wanda ya san ma'auninsu, a hannunsa yake."

Na san gudumar. Jiya tana hannuna. Na so in ce wani abu, Faransancin ya gudu, Turancin ya gudu, Fulatanci kaɗai ya rage a bakina, shi ma babu mai ji.

Wani cikin abokan tserensa ya ciro ƙarafansa na ajiya ya miƙa ba tare da an roƙe shi ba. Aka kwance nawa aikin, aka ɗaura na aro. Minti kaɗan Marsel ya samu ya gwada su. Na fita na zauna kusa da Madam Luwiz, wadda ba ta san kome ba tukuna. Ta kama hannun rigar da ke jikina ta riƙe.

Da taurin kai kawai ya tsallake matakin farko da na biyu na gasar. Ko ni da ban san kome ba na ga kwanarsa ba irin ta kullum ba ce, yana buɗewa, yana gyara ƙafa. Aka zo tseren ƙarshe, mutum biyar, biyun farko za a ɗauka. Bindigar fara tsere ta tashi. Ya zauna a na huɗu, ya lallaɓa ya zama na uku, saura zagaye biyu ya kutsa ta ciki ya zama na biyu. Jama'a suka miƙe. Madam tana kiran sunansa tana jijjiga ni. Ni kuwa duk addu'ar da na sani na karanta.

A kwanar ƙarshe ya manta. Jikinsa ya kwanta yadda ya saba kwanciya shekara da shekaru, ya ba ƙarafan amanar da yake ba na ubansa. Ba su ɗauke shi ba. Ƙafarsa ta fita, ya tafi a kan gefensa, ya daki katifa. Mutum uku suka wuce shi. Ya tashi, ya ƙarasa layin shi kaɗai a tsaye, hannuwa a kan gwiwa.

A nan kan benci na gaya wa Madam. Ta dube ni kamar ba ta gane yaren ba. Sannan a hankali ta saki hannun rigar.

Kwana uku ba wanda ya yi mini magana, ba kuma wanda ya fasa zuba mini abinci a tukunyar nan mai jan zare. Da duka suka yi mini da ya fi sauƙi. Rana ta huɗu na ninke rigar sanyin na ɗora a kan gado, na ɗauki 'yar jakata. Madam ta tare ni a ƙofa.

"Ina za ka a wannan sanyin ba riga? Koma ka sa. Marsel na kiranka a ƙasa."

Na same shi a gaban teburin. Ya ɗaure wasu tsofaffin takalma biyu a cikin wani maƙali, ƙarafan suna kallon sama, a jere. Ya ɗora faffaɗan dutse a kansu duka biyun, a kwance, ya tura gaba ya jawo baya.

"Haka ake yi," ya ce, bai dube ni ba. "Kwana uku ina son in fasa maka baki. Sai in tuna hannunka. Ran Juma'a a wurin cin abinci na ga inda gashinsa ya aske, na yi ta mamakin me ya same ka." Ya ajiye dutsen. "Me ya sa ba ka tambaye ni ba, Jabi?"

"A wurinmu kunya ce," na ce.

"Kalma ɗaya," ya ce. "Kalma ɗaya kawai."

Sai ya miƙo mini dutsen, ya kama hannuna ya daidaita shi. Muka yi ta turawa muna jawowa, hawayena na zuba a kan ƙarfen, bai ce in share ba.

Marsel bai ƙara shiga gasa ba. Ya ci gaba da rabon madara, da yamma yana horar da masu tasowa. Na ƙara shekara biyu a gidan, ba a sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Ranar da zan taho ya ba ni wani abu dogo naɗe cikin tsumma mai mai. Ɗaya daga cikin ƙarafan da na wasa ne. Ya ce ɗayan yana wurinsa. Har yau ban sani ba ko kyauta ce ko hukunci.

Na sauka Illela ana gobe kasuwa. Washegari da hantsi Baffa ya iso daga Araba tare da amininsa Ɗan Ige maƙeri, suka zauna a kan tabarma ina fito da tsaraba. Hannun Baffa ya faɗa kan tsumman, ya warware.

"Wanga fa mi na na, Jaɓɓi? Takobin Nasara?"

Kafin in amsa ya ɗora babban yatsa a bakin. Ya ɗaga gira. Ya naɗe hannun riga ya goga, farin gashi ya zubo a kan tabarma.

"Kai! Ɗan Ige, duba ka gani. Wa yaw wasa shi?"

"Ni na, Baffa."

"Awo, na sani," ya ce, yana jinjina kai. "Wanga hannun gidanmu na. Dubi miƙewa, ko gargada babu. Ashe ba ka ba mu kunya ba can." Ya juya ƙarfen a rana, fuskarsa cike da jin daɗin da ban taɓa gani ba ko ranar da na ci jarrabawa. "Mai abin ya yi murna dai ko?"

Na ce musu rana ta yi zafi, bari in ɗebo musu ruwa. Na zagaya bayan ɗaki inda randa take, na daɗe ban fito ba.